Letov Š-328: shin jirgin nan ya tsufa ne tun kafin ya fara aiki?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanakin nan ina bibiyar tarihin jiragen saman soja na ƙasashen Turai a shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, sai na tsaya a kan wani jirgi na ƙasar Cekoslobakiya mai suna Letov Š-328, wanda aka ƙera domin leƙen asiri da jefa ƙananan bama-bamai. Jirgi ne mai fukafukai hawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana ɗaukar mutum biyu, matuƙi a gaba da mai lura a baya, kuma gudunsa bai wuce kilomita 280 a sa'a ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ya fara tashi a 1933, ya bazu a rundunonin ƙasar a wajajen 1935, wato shekarar da Jamusawa suka fara gwada Messerschmitt Bf 109, amma duk da haka aka ci gaba da ƙera shi har adadinsa ya haura 400. A ganina jirgin nan ya tsufa tun ranar da aka haife shi, kuma ƙasar da Allah ya haɗa ta maƙwabtaka da Jamus ta Hitler ba ta da hujjar zuba dukiyarta a kansa. Ina roƙon masana su gyara mini idan na kauce.

Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗan_Gwale. Tambayarka tana da ma'ana, amma ma'aunin da ka ɗauka ba nasa ba ne. Bf 109 jirgin farauta ne, aikinsa kakkaɓo wasu jirage, shi kuwa Š-328 idon sojan ƙasa ne. Aikinsa shi ne ya bi ta kan fagen daga a hankali, mai lura ya ɗauki hoto, ya ƙirga motoci da dawakin abokan gaba, ya duba inda harsashin igwa ya faɗa ya sanar da masu harbi su gyara saiti, wani lokaci ma ya jefa wa wani kwamanda takardar saƙo a cikin jaka. Irin wannan aiki yana bukatar jirgin da zai iya rage gudu ba tare da ya faɗo ba, kuma ya sauka a kan ciyawa kusa da hedkwatar runduna. Idan adalci za a yi masa, sai a jera shi da takwarorinsa na lokacin. Birtaniya tana da Hawker Audax, Jamus kanta tana da Heinkel He 45, Faransa kuwa ba ta gama rabuwa da Potez 25 ba, kuma dukansu masu fukafukai hawa biyu ne. A cikin wannan sahu Š-328 ba ya baya ko kaɗan.

Bakatsine:
Ku yi haƙuri da ni, ni ɗalibi ne a wannan fanni. Mene ne amfanin ɗora fiffike a kan fiffike tun farko? Kuma tunda na katako ne da tsumma, ta yaya yake jure ɗaukar bam?

Tsohon_Makanike:
Ɗana Bakatsine, tambayarka ita ce ginshiƙin maganar. Da farko dai, Š-328 ba na katako ba ne. Ƙashinsa na ƙarfe ne, sai aka lulluɓe mafi yawan jikinsa da yadi mai ƙarfi wanda ake shafa wa wani irin fenti ya ɗame kamar fatar ganga. Wannan yana rage nauyi, kuma idan harsashi ya huda yadin, faci kawai ake yi a shafe, washegari jirgi ya tashi.

Game da fukafukai kuwa, a wancan zamani ba abu ne mai sauƙi ba a ƙera fiffike guda ɗaya dogo, marar nauyi, wanda zai ɗauki jirgi ba tare da ya lanƙwashe ba. Idan ka yi biyu, ka haɗa su da sanduna a tsaye, ka ɗaure su da wayoyi a gicciye, sai su zama kamar akwati, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Ka samu ƙarfi, ka samu faɗin fiffike mai yawa, don haka jirgin zai tashi a gajeren fili kuma ya yi tafiyar hawainiya idan an so. Illar ita ce, waɗannan sanduna da wayoyi da ƙafafun sauka da ba sa naɗewa duk suna tare iska, kuma turjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Shi ya sa ko ka ƙara masa ƙarfin inji, ɗan abin da zai ƙaru a gudunsa kaɗan ne. Injin Š-328 mai silinda tara ne da aka jera a da'ira bayan farfela, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, ƙarfinsa ya haura na doki 600. Kamfanin Walter ne ya ƙera shi a birnin Firag bisa lasisin injin Pegasus na kamfanin Bristol na Ingila. Irin wannan inji ba shi da lagireto da harsashi ɗaya zai fasa ruwa ya tsiyaye, kuma wannan babbar rahama ce ga wanda yake shawagi ƙasa-ƙasa a kan mutanen da ke harbinsa. Nauyin bam ɗin da yake ɗauka yana kaiwa kilo 500.

Bakatsine:
Na gode, Baba. Yanzu na fahimci cewa abin da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ya hana shi gudu.

Abu_Haidar:
Bari in ƙara da asalin jirgin, domin yana da nasaba da abin da Malam Ɗan_Gwale ya faɗa. Harafin Š da ke gaban lambar daga sunan injiniyan da ya zana shi ne, Alois Šmolík, babban mai zanen jirage na masana'antar Letov da ke Letňany a gefen Firag. Shi ne ya zana Š-1 a 1920, tun ƙasar ba ta cika shekara biyu da kafuwa ba. Š-328 kuwa jika ne ga Š-28 wanda ya tashi a 1929. Daga shi aka samu Š-128, sannan Š-228 wanda ƙasar Estoniya ta sayi guda huɗu. Shi Š-328 an fara shirya shi ne da fatan ƙasar Finlan za ta saya, ciniki bai faɗa ba, sai ma'aikatar tsaron Cekoslobakiya ta ga ya dace da bukatarta ta yi oda. Saboda haka duk da cewa 1933 aka rubuta masa, tunanin da ya haife shi na ƙarshen shekarun 1920 ne.

Ɗan_Gwale:
To ai Malam Abu_Haidar ya ƙara mini hujja. Jirgin da aka zana wa wata ƙasa, ita ma ta ƙi, kuma tushensa na 1929 ne, shi aka mayar da ƙashin bayan rundunar leƙen asiri har zuwa 1938. Na yarda da Mai_Taswira cewa a 1934 ba shi da laifi. Inda nake da ja shi ne ci gaba da ƙera shi a 1937 da 1938, lokacin da kowa ya ga abin da jiragen zamani suke yi a yaƙin basasar Sifen.

Malama_Zinariya:
Ina ganin kafin mu yanke wa jirgin hukunci ya kamata mu tuna cewa ba a taɓa ba shi damar yin aikin da aka saye shi dominsa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi taɓa mini zuciya a labarinsa. Ranar 23 ga Satumba 1938 gwamnatin Shugaba Edvard Beneš ta yi shelar kiran sojoji gaba ɗaya, mutane suka amsa cikin gaggawa, aka watsa jirage zuwa ƙananan filaye a karkara, kuma sama da Š-328 guda 200 suna cikin rundunonin da ke bakin aiki. Mako guda bayan haka, Chamberlain na Birtaniya da Daladier na Faransa suka zauna da Hitler da Mussolini a Munik, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Jamus yankin Sudeten, ba tare da an bar wakilin Cekoslobakiya ya zauna a teburin ba. A wannan yanki ne ganuwar tsaron ƙasar take. Ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Firag, kuma a jawabinsa na 28 ga Afrilu Hitler da bakinsa ya lissafa ganimar da ya samu, ciki har da jirage 1,582 da tankokin yaƙi 469. Ko da Cekawa sun mallaki jirgin da ya fi kowane gudu a duniya, a cikin wannan lissafi zai ƙare. Ba a sama aka ci ƙasar nan ba, a kan takarda aka ci ta.

Bazazzage77:
Malama, maganarki gaskiya ce ta fuskar siyasa, amma ba ta wanke jirgin ba, domin muna da abin da za mu auna shi da shi. Bayan Sulobakiya ta ɓalle ranar 14 ga Maris 1939, ta gaji jiragen da ke runduna ta uku a Piešťany, kuma ranar 23 ga watan ƙasar Hangari ta kai mata hari daga gabas. An tura Š-328 tare da rakiyar jiragen farauta na Avia B-534 su kai wa sojojin Hangari farmaki da rana, kuma an yi asarar jirage da matuƙa a cikin kwana biyu kacal. Abin lura shi ne, jiragen da suka tare su Fiat CR.32 ne, su ma masu fukafukai hawa biyu. Idan haka ta faru a gaban Fiat, me ake tsammani a gaban Bf 109 da ke gudun sama da kilomita 450 tun a 1938? Bindigogi biyu masu jigida a hannun mai lura da ke zaune a buɗaɗɗen gurbi, iska tana dukansa, ba za su hana komai ba.

Mai_Taswira:
Malam Bazazzage, ban musa abin da ya faru a Maris 1939 ba, sai dai ka tuna halin da rundunar Sulobakiya take ciki a makon. Kwana tara ke nan da kafa ƙasar, hafsoshi da makanikai Cekawa suna tattara kayansu suna komawa gida, tsarin ba da umarni ya wargaje. Amma bari in kawo wani misali da ya fi wannan nauyi. Birtaniya ta yi abin da Malam Ɗan_Gwale yake cewa ya kamata Cekawa su yi, ta ƙera Fairey Battle, mai fiffike hawa ɗaya, jikin ƙarfe, ƙafafu masu naɗewa, injin Merlin. Ranar 14 ga Mayu 1940 aka tura irinsa da wasu Blenheim, jimilla 71, su rusa gadojin da Jamusawa suka kafa a Sedan ta ƙasar Faransa, 40 ba su dawo ba. Darasin da wannan rana ta koyar shi ne, duk ƙaramin jirgin bam ko na leƙen asiri da ya shiga sararin da abokin gaba ke iko da shi da rana tsaka, to ajalinsa ya kusa, ko fiffikensa ɗaya ne ko biyu. Tambayar da ta dace ita ce ko B-534 za su iya riƙe sararin samaniyar ƙasar, ba ko Š-328 zai iya tsere wa Bf 109 ba.

Umman_Sadiya:
Ina bin muhawarar da sha'awa. Maigidana ya taɓa gaya mini cewa jiragen horaswa da muke gani suna shawagi a kan Kano na wannan ƙasa ne. Shin kamfanin da ya ƙera Š-328 shi ne ya ƙera su?

Abu_Haidar:
Hajiya, ƙasar ɗaya ce amma kamfanin daban. Na Kano su ne L-39 Albatros, kuma kamfanin Aero ne ya ƙera su, wanda aka kafa a 1919. A wancan zamani Aero abokin gasar Letov ne, shi ma yana da nasa jiragen leƙen asiri da jefa bam masu fukafukai hawa biyu, irin su A.11 da A.32 da A.100. Kafin L-39 akwai L-29 Delfin, wanda Najeriya ta samu a 1967 aka yi amfani da shi a yaƙin basasa, kuma Gana ma ta mallake shi.

Tsohon_Makanike:
Tunda an ambaci L-39, ni na yi shekaru ina kwance shi ina ɗaurawa kafin in yi ritaya, kuma shi ya sa na shiga wannan zance da zuciya ɗaya. Abin da na lura da shi a aikin Cekawa shi ne suna ƙera jirgi suna tunanin wanda zai gyara shi. Murfin da kake bukatar buɗewa kullum yana inda hannunka zai kai, kuma jirgin ba ya yawan ƙorafi a kan zafi da ƙura irin tamu. Ban taɓa ganin Š-328 da idona ba, amma da na karanta yadda ƙasashe uku suka ci gaba da tashinsa har ƙarshen yaƙi, a cikin sanyin Yukren da taɓon filayen karkara, ban yi mamaki ba. Mai zanen jirgi yana alfahari da gudu, makanike kuwa abin da yake tambaya shi ne guda nawa za su iya tashi gobe da asuba. Malam Ɗan_Gwale, ka sa wannan a cikin ma'auninka.

Ɗalibin_Brno:
Na yi karatu a Jamhuriyar Cek, kuma na ziyarci gidan tarihin jiragen sama na Kbely a Firag fiye da sau ɗaya. Yana dab da Letňany inda masana'antar Letov take, kuma a can na ga Letov Š-2 da Aero Ap-32, na tsaya kusa da su na ga yadda gurbin mai lura yake a buɗe, ba rufi ba komai, na yi tunanin mutumin da ke zaune a ciki a watan Janairu. Abin da nake so in ƙara shi ne yadda mutanen ƙasar suka ɗauki harkar jiragen sama a lokacin. Ƙasarsu ba ta da gaɓar teku, don haka suka riƙe wani take da ke cewa sama ita ce tekunsu. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 15, amma tana da Letov da Aero da Avia da Praga suna ƙera jirage, Walter yana ƙera inji, birnin Brno yana ƙera bindiga. Bindigar Bren da sojojinmu suka riƙe a Bama asalinta daga Brno ne, sunanta ma haɗin Brno da Enfield ta Ingila ne. Idan aka fahimci wannan, za a gane cewa sayen Š-328 ba zaɓen jirgi kawai ba ne, riƙe masana'antar gida ne da ma'aikatanta a shekarun da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani abu da ya ba ni sha'awa kuma shi ne, duk da rashin teku, an ƙera Š-328 guda huɗu masu sauka a kan ruwa. Masu harbo jirage daga ƙasa suna bukatar fili mai faɗi da za su yi atisaye da harsashi na gaske, sai ƙawarsu Yugoslabiya ta ba su wuri a mashigin Kotor a tekun Adiriyatik, waɗannan jirage huɗu suna jan abin bara a bayansu ana harbi.

Ɗan_Gwale:
Na ƙaru da bayanin Ɗalibin_Brno da na Baba Tsohon_Makanike, amma ina so mu dawo kan tambayar. Karin maganar gatari tana da kyau, sai dai su kansu Cekawa sun nuna cewa sun san gatarin nasu ya dakushe. Sun sayi Tupolev SB daga Tarayyar Sobiyet, suka karɓi lasisin ƙera shi da sunan Avia B-71, jirgin bam mai inji biyu da ke gudun sama da kilomita 400. Letov da kansa ya fitar da Š-50 mai inji biyu da fiffike hawa ɗaya domin leƙen asiri, Avia ta fitar da jirgin farauta B-35, amma dukansu sai a 1938 suka fara tashin gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an karkatar da kuɗin Š-328 ɗari na ƙarshe zuwa waɗannan tun 1936, da hoton ya bambanta.

Bazazzage77:
Wannan shi ne abin da nake nufi. Kuma a ƙara da yanayin ƙasar: bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a Maris 1938, ta kewaye yammacin Cekoslobakiya ta arewa da yamma da kudu, jirgin bam ba ya bukatar rabin sa'a daga iyaka zuwa Firag. Ƙasar da take a haka jiragen farauta masu gudu take bukata kafin komai.

Mai_Taswira:
Ba kuɗi ne kaɗai ke haifar da sabon jirgi ba, Malam. Ana bukatar inji mai ƙarfi wanda aka gama gwadawa, da injinan matse ƙarfe, da ma'aikatan da suka iya sabon salon haɗa fatar jirgi, kuma kowanne yana cin shekaru. A halin da ake jira, rundunonin ƙasa da ake faɗaɗawa suna neman ido a sama yau, ba baɗi ba. Janar ɗin da aka ce ya zaɓi tsakanin Š-328 guda ɗari a bana da Š-50 guda ashirin bayan shekara uku, alhali Hitler yana bakin ƙofa, ban ga laifinsa ba idan ya zaɓi na farko. Su ma Jamusawa sai a 1938 Henschel Hs 126 ya fara maye gurbin tsofaffin nasu, Lysander na Birtaniya ma a shekarar ya shiga aiki.

Ɗan_Damagaram:
Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato abin da Jamusawa suka yi da shi bayan sun kwashe. Da farko makarantun horas da matuƙa suka ba wa. Amma a fagen gabas sojojin Sobiyet sun addabe su da wani ƙaramin jirgi, Polikarpov U-2 wanda daga baya aka kira Po-2, mai gudun da bai fi kilomita 150 ba, yana zuwa da dare ƙasa-ƙasa, matuƙi ya rage inji ya lallaɓo ya saki bam a kan sansani. Ɓarnarsa ba ta da yawa, amma yana hana soja barci dare bayan dare, kuma runduna ta 588 da mata zalla suke tuƙawa ta yi suna a wannan aiki. Daga lokacin sanyin 1942 zuwa 1943 Jamusawa suka kafa nasu rukunonin kai harin dare, suka tattaro tsofaffin jirage daga makarantu, har da Š-328. Ke nan jirgin da ake cewa ya tsufa a 1935, rundunar sama mafi ƙarfi a Turai ta koma ta nemo shi bayan shekara bakwai, domin a cikin duhu rashin gudu ya daina zama aibi.

Abu_Haidar:
Haka ne, kuma Fairey Swordfish na sojan ruwan Birtaniya, wanda ya ragargaza jiragen ruwan Italiya a Taranto a Nuwamba 1940 ya kuma gurgunta Bismarck, babban jirgin ruwan yaƙin Jamus, a Mayu 1941, injin Pegasus ne a gabansa, dangin na Š-328, gudunsa ma bai kai nasa ba. Sannan Bulgeriya ta karɓi Š-328 guda 62 ta hannun Jamus, suka sa masa suna Vrana, wato hankaka, suka yi sintiri da shi a kan Bahar Aswad suna neman jiragen ƙarƙashin teku na Sobiyet. An ci gaba da ƙera shi a Letňany har 1940, ƙarƙashin mamaya.

Bazazzage77:
Duk waɗannan misalai na dare ne ko na kan teku inda babu jirgin farauta. Ba don su aka saye shi ba. Cewa an samo masa wani aiki daga baya ba ya nufin ya dace da aikinsa na asali.

Malama_Zinariya:
Ina so kada mu manta da mutanen da ke ƙarƙashin waɗannan fukafukai. Jirgin da talakawan Cekoslobakiya suka biya haraji aka ƙera don ya tsare su, shi ne Sulobakiya ta yi amfani da shi a kan Folan a Satumba 1939 tana gefen Jamus, shi ne ya bi sojojinta zuwa Yukren a 1941, kuma a can da Bulgeriya an yi farautar 'yan sari-ka-noƙe da shi, wanda kowa ya san ƙauyuka ne suke ɗanɗana kuɗar irin wannan farauta. Daɗewarsa a aiki ba abin murna ba ne zalla.

Amma akwai ɗaya fuskar. Ranar 7 ga Yuni 1939 wasu matasan sojojin sama takwas suka tashi daga Piešťany da Š-328 guda uku da Aero guda ɗaya, suka sauka a ƙasar Folan, domin ba su yarda su yi wa gwamnatin da ke bin Hitler aiki ba. Sannan da Sulobakawa suka yi tawaye ranar 29 ga Agusta 1944, suka mayar da Banská Bystrica cibiyarsu, 'yan jiragen da suka tattara a filin Tri Duby kusa da Zvolen sun haɗa da Š-328, kuma da su suka riƙa leƙen ayarin Jamusawa suna jefa musu bam a cikin kwazazzaban duwatsu. Wannan ne karon da jirgin ya yi yaƙi da abokin gaban da aka ƙera shi dominsa, shekara shida bayan Munik.

Ɗalibin_Brno:
Malama ta yi daidai. A wannan tawaye ne František Cyprich ya harbo jirgin sufuri Junkers Ju 52 na Hangari da Avia B-534 ranar 2 ga Satumba, kuma ranar 7 ga watan wani jirgin Jamus Focke-Wulf Fw 189 ya far wa Š-328 da ke sintiri, mai lura ya mayar da wuta har ya tilasta masa sauka a yankin 'yan tawaye. Ana lissafa su cikin nasarorin ƙarshe da jirage masu fukafukai hawa biyu suka samu a yaƙin. Sai a tsakiyar Satumba rundunar Cekawa ta František Fajtl ta iso daga ɓangaren Sobiyet da jiragen farauta na Lavochkin La-5FN, kuma Banská Bystrica ta faɗi ranar 27 ga Oktoba.

Ɗan_Gwale:
Na janye kalmar da na fara da ita cewa ya tsufa tun ranar haihuwa, domin Mai_Taswira ya nuna mini sa'o'insa na 1934 kuma bai fi su tsufa ba. Amma ban janye batun 1937 da 1938 ba. Fw 189 da aka ambata shi ma jirgin leƙen asiri ne ba na farauta ba, kuma nasara ɗaya a 1944 ba ta amsa abin da zai faru da rukuni guda na Š-328 a kan iyakar Sudeten da hantsi.

Tsohon_Makanike:
Ɗana, ka riƙe ra'ayinka, yana da tushe. Abin da nake so wani ya bincika mana shi ne Š-528, wanda aka ɗora wa injin Gnome-Rhône na Faransa mai ƙarfin doki kusan 800 a kan kusan jiki ɗaya, aka ƙera guda shida kawai. Idan muka samu gudunsa muka jera da kilomita 280 na Š-328, za mu ga da lamba nawa ƙarin ƙarfin ya saya, kuma daga nan za a gane ko akwai sauran abin da Šmolík zai iya matsowa daga wannan siffa ko kuwa ta kai iyakarta. Malam Abu_Haidar, idan littattafanka suna kusa, ka duba mana.